Wanda ya ba ka mafaka kuma ya jefa ka kurkuku, godiya za ka yi masa? Labarin Weinberg mai fiyano

Goge_da_Kalangu:
Salamu alaikum 'yan zaure. Yau ba siyasar gida na kawo ba, a yi mini afuwa. Kun san sana'ata danna kibod ce a situdiyo. To a wajen neman yadda Turawa ke sarrafa hannun hagu a fiyano ne YouTube ya jefo mini kiɗan wani mutum mai suna Mieczysław Weinberg. Na saurara, na sake saurara, daga nan na shiga bin labarinsa, kwana biyu ke nan abin ya hana ni sakat.

Bayahude ne, an haife shi a Warso ta ƙasar Folan a 1919. Ubansa mai goge ne irin na Turawa, kuma shi ke jagorantar makaɗa a gidan wasan kwaikwayo na Yahudawa, don haka a bakin sana'a yaron ya buɗe ido. Yana ɗan shekara 12 ya shiga babbar makarantar kiɗa ta Warso, kowa na cewa ga gwanin fiyano nan tafe. Sai Hitila ya afka wa Folan ranar 1 ga Satumba 1939. Yaro ɗan shekara 19 ya kama hanyar gabas da ƙafa har ya faɗa Tarayyar Sobiyet. Uwa da uba da ƙanwarsa da suka rage a baya, duk 'yan Nazi suka hallaka su.

Ga inda gizo ke saƙar. Sobiyet ɗin da ta karɓe shi ta ba shi karatu, ita ce ta kashe surukinsa a 1948, ita ce kuma ta kama shi ta kulle a 1953. Amma har ya mutu a Mosko a 1996 bai daina cewa ƙasar nan ce ta ceci ransa ba. Babban kiɗansa na farko ma, wanda suke kira simfoni, rundunar sojan Sobiyet ya sadaukar wa.

Tambayata: wannan godiya ce ta gaskiya, ko kuwa tsoro ne ya zama jiki?

Sarkin_Gardama:
Wa alaikumus salam. Tsoro ne, ba sai an je da nisa ba. Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Mutumin da ya ɗanɗana kurkukun Stalin, shugaban Sobiyet na lokacin, me kake so ya ce in an miƙa masa makirfo?

Ummu_Hanan:
Af, ai na ga fim ɗinsa! Ba shi ne wanda ya ɓuya a kangon gidaje ba, har wani hafsan Jamus ya same shi ya ce ya kaɗa masa fiyano, ya riƙa kawo masa burodi? Wallahi ranar sai da na yi kuka.

Tsohon_Minsk:
A'a Hajiya, kin haɗa mutum biyu. Na fim ɗin Władysław Szpilman ne, shi bai bar Warso ba, a can ya ɓuya har yaƙi ya ƙare, a can kuma ya mutu a 2000. Wannan namu shi ne wanda ya fita.

Na ji daɗin ganin wannan batu, domin garin da ya fara sauka nan na yi shekara shida ina karatun injiniya zamanin da Sobiyet ke ɗaukar ɗalibai daga Afirka. A Minsk ne ya koyi tsara kiɗa wajen wani dattijo, Vasily Zolotaryov, wanda shi kuma almajirin shahararren mai tsara kiɗa na Rasha Rimsky-Korsakov ne. Ku ji ikon Allah: ranar 21 ga Yuni 1941 aka kaɗa aikinsa na kammala karatu a gaban jama'a, washegari 22 ga wata Jamus ta afka wa Sobiyet. Mutum ya gudo daga wuta, wutar ta biyo shi. Ba a ɗauke shi soja ba saboda tarin fuka ya taɓa masa ƙashin baya, sai ya sake tattara komatsai ya nufi Tashkent ta Uzbekistan. Gudun hijira biyu cikin ƙasa da shekara biyu.

Abin da ya ba ni dariya da kunya lokaci guda: a ɗakin kallo na masaukinmu akwai wani katun na ɗan beyar mai ƙiba, Vinni-Pukh, da ake yawan sakawa a talabijin. Mu baƙi da shi muka gyara Rashancinmu, don maganarsa a fili take. Har yau ina iya rera waƙar da yake yi in yana tafe yana gunaguni. Sai da na yi furfura na san Weinberg ne ya tsara kiɗan.

Ummu_Hanan:
Na gode Baba da gyara. To ƙanwar fa, me ya hana ya tafi da ita?

Goge_da_Kalangu:
Ai tare suka fito, Hajiya. Ester sunanta. Ba su yi nisa ba takalmi ya fara cin ƙafarta, ta ce za ta koma gida wajen iyaye. Shi ya ci gaba, ya yi fiye da mako biyu yana tafe jiragen yaƙi na luguden wuta a kan hanya. Rabuwarsu ke nan. A sansanin 'yan Nazi na Trawniki aka kashe ta da iyayen.

Likita_Bokan_Turai:
Wannan maganar takalmin ta sa na ajiye cokali. Wanda bai taɓa gudu ba zai ce wane irin sakarci ne mutum ya koma cikin yaƙi saboda takalmi. Ni ba zan ce ba.

Ina shekara ta huɗu a karatun likita a Kharkiv ta ƙasar Yukren aka fara ruwan bama-bamai ranar 24 ga Fabrairu 2022. Muka cusa kanmu a jirgin ƙasa zuwa Lviv a tsaye, daga can muka samu mota, motar ta maƙale a layin da ba a ganin ƙarshensa, direba ya ce kowa ya sauka ya taka. Sabon but na saka, wai don sanyi. Kafin dare ya raba diddigena ya saɓule, safa ta manne da jini, in na tsaya sanyi ya kama ni, in na taka kamar ana yanka ni da reza. Akwai lokacin da na zauna a bakin titi a kan jakata na ce wa abokina ya tafi, ni na fasa. Ba wai na yi lissafin mutuwa da rayuwa ba ne, ƙafa ce kawai ke magana, kai ya daina aiki. Shi ya zage ni tas, ya ciro silifas ɗin wanka daga jakarsa, na ɗora a kan safa biyu. Da silifas na shiga Folan.

Abin mamaki, ƙasar da Weinberg ya gudu daga cikinta, mu ita muka gudu zuwa.

Game da tambayarka kuwa Malam Goge: a kan iyaka wasu masu tsaro sun riƙa tura mu baƙaƙe baya, sai fararen sun wuce. Na ji zafin abin har yau. Amma da muka tsallaka wata tsohuwa ta miƙo mini shayi a kofin roba. In ka tambaye ni labarin ranar, shayin nake fara faɗa. Ba tsoron kowa nake ji ba, haka zuciyar take ajiye abin.

Dan_Bakin_Kasuwa:
Ni fa ban gane ba. Ana kashe 'yan uwanmu a Gaza, mu kuma muna nan muna jimamin wani Bayahude mai kiɗa? Abin da ya dame mu ke nan?

Malam_Na_Zaure:
Ɗan Bakin Kasuwa, zafin da kake ji kan Gaza duk muna jin sa. Amma a yi adalci. Ranar da wannan yaro ya fita daga Warso babu ma ƙasar Isra'ila, sai 1948 aka kafa ta, kuma shi bai taɓa zama a can ba, a Mosko ya rayu ya mutu. Alƙur'ani ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani. Yarinyar da aka kashe saboda an haife ta Bayahudiya zalunci aka yi mata, kamar yadda ake yi wa yaron Gaza. Wanda ya san ciwon ɗaya bai kamata ya kasa gane ɗayan ba.

Zancen halaccin kiɗa kuma, kafin wani ya ɗauko, mun yi shi a wancan watan har aka rufe zaure kwana biyu. Don Allah kada a tayar.

Dan_Bakin_Kasuwa:
Na ji, Malam. Ban ce an yi daidai da aka kashe su ba. Zan yi shiru in karanta.

Yar_Damagaram:
Ku koma kan surukin nan mana. Wane ne shi har gwamnati za ta kashe shi?

Tsohon_Minsk:
Ba ƙaramin mutum ba ne, 'yata. Solomon Mikhoels, babban ɗan wasan kwaikwayo, shugaban gidan wasan Yahudawa na Mosko. Lokacin yaƙi shi aka ɗora a kan kwamitin Yahudawa masu adawa da 'yan Nazi, har Amurka aka tura shi a 1943 ya nemo wa Sobiyet tallafi. A Tashkent Weinberg ya haɗu da 'yarsa Natalia suka yi aure. Daga can ne aka kai wa Shostakovich, babban mai tsara kiɗa na Sobiyet, takardun simfonin nan na farko, ya duba ya ga yaro na da hannu, ya sa baki aka ba shi izinin zama a Mosko a 1943. A wancan zamanin ba a shiga Mosko haka kawai.

Da yaƙi ya ƙare, amfanin Mikhoels ya ƙare a idon Stalin. A Janairu 1948 aka tura shi Minsk da sunan aiki, jami'an tsaro suka kashe shi, suka yar da gawar a titi don a ce mota ce ta take shi. Aka kuma yi masa jana'izar girma! Wata guda bayan haka jam'iyya ta fitar da sanarwar yaƙi da kiɗan da ta ce ya yi wa talaka nisa, aka hana kaɗa wasu ayyukan Weinberg. Sai ya koma yi wa fina-finai da gidajen wasan dabbobi da 'yan tsalle-tsalle kiɗa don a ci abinci. A Agusta 1952 aka harbe mutum 13 na wancan kwamiti. A Janairu 1953 jarida ta ce an gano likitoci, yawancinsu Yahudawa, suna shirin kashe shugabanni, cikinsu har da Miron Vovsi, ɗan uwan Mikhoels. To ka ga igiya ta zo wuya. A Fabrairu aka zo aka tafi da Weinberg, wai yana cikin masu son kafa jamhuriyar Yahudawa a Kirimiya.

Abin da ya fitar da shi mutuwar Stalin ce ranar 5 ga Maris. A ƙarshen Afrilu aka sake shi, bayan mako goma sha ɗaya.

Goge_da_Kalangu:
Baba ka tsallake wurin da ya fi burge ni. Yana tsare Shostakovich ya rubuta wa Beria takarda, shugaban 'yan sandan ciki da kowa ke jin sunansa ya yi tsit, yana cewa ya san mutumin nan, ba maci amana ba ne. Alhali shi kansa an saka shi a baƙin littafi tun 1948. Kuma Shostakovich da matarsa suka shirya cewa in an kama Natalia, su za su riƙe Victoria, 'yar Weinberg. Wannan ba abota ba ce ta gaisuwar hanya.

Ku nemi faifan da suka ɗauka su biyu a fiyano ɗaya, hannu huɗu, suna kaɗa simfoni na 10 na Shostakovich. Shekara guda ke nan da fitowar mutum daga kurkuku, amma ku ji yadda yatsu ke gudu. Ni da nake cin abinci da kibod na san abin da nake faɗa, hannun nan ba na wasa ba ne. Har tsere suke yi wa zai riga wani yawan kiɗan goge huɗu. Shostakovich ya sadaukar masa da nasa na 10, ya tsaya a 15, Weinberg ya kai 17.

Sarkin_Gardama:
To ai kun ƙara mini hujja. Shostakovich ya kyauta, a gode wa Shostakovich. Tsohuwar Likita ta ba da shayi, a gode wa tsohuwa. Mutum daban, gwamnati daban. Kuma wani abu da ba wanda ya faɗa: ranar 23 ga Agusta 1939 Stalin da Hitila suka ƙulla yarjejeniya suka raba Folan a takarda, ranar 17 ga Satumba sojan Sobiyet suka shigo ta gabas suka ɗauki rabonsu. Wato yaron na tafe a hanya, mai masaukin nasa na cikin masu yanka ƙasarsa. Ɓarawo ya haɗa baki an fasa gidanka, sannan ya ba ka tabarma a zaurensa, sai ka yi ta sa masa albarka?

Bagobiri_Mai_Shayi:
Sarki, kana magana kamar yana da zaɓi. Baƙon da ba shi da uwa ba shi da uba, ba shi da gidan komawa, ga mata ga 'ya. Makaɗan fada ma a nan ai ba sarkin da suke so kaɗai suke yi wa waƙa ba, wanda ke kan gado suke yi wa. Ciki ba a ba shi haƙuri.

Malam_Na_Zaure:
Bagobiri, kai da Sarki duk abu ɗaya kuke faɗa, shi ya ce tsoro kai ka ce ciki. Ni ina ganin kun raina lissafin mutumin. Ya san abin da ya sami waɗanda suka tsaya. Yahudawan Folan sun haura miliyan 3 kafin yaƙi, kusan kashi 90 cikin 100 aka kashe. A gefe guda mako goma sha ɗaya a kurkuku, a ɗaya gefen ramin da aka zuba uwarsa. In ya ce waɗannan sun cece ni, ai ba ƙarya ya yi ba. Kuma bayan Sobiyet ta rushe a 1991 wa zai ji tsoro? Ya yi shekara huɗu da wani abu bayan haka, bai canja magana ba.

Sarkin_Gardama:
Shekara hamsin mutum na taka-tsantsan da harshensa, Malam, ba ranar da aka sauke tuta zai warware ba.

Yar_Damagaram:
Ni abin da na karanta wanda ya taɓa ni shi ne sunansa. Wai da ya iso kan iyaka jami'in ya tambaye shi suna, ya ce Mieczysław, ya tambaye shi ko Bayahude ne, ya ce e, sai kawai ya rubuta Moisey. Da wannan suna ya zauna fiye da shekara arba'in, sai a 1982 ya samu aka mayar masa da nasa a takarda.

Na ga irin haka da idona lokacin da nake aikin rajistar 'yan gudun hijira a wajen Diffa. Layi ya yi tsawo, rana ta take, mai rubutu ya gaji. Wata baiwar Allah ta faɗi sunanta na Barebari, abokin aikina bai ji da kyau ba ya rubuta Fatima. Ta buɗe baki za ta gyara, ta dubi buhun masara a bayansa, ta yi shiru. Duk wata in an kira Fatima sai ta miƙe.

Tsohon_Minsk:
Haka ne 'yata. Kuma a fasfon cikin gida na Sobiyet akwai layi na biyar inda ake rubuta ƙabilar mutum. Abokan karatunmu Yahudawa in an hana ɗayansu wani gurbi sai ya ɗaga yatsu biyar kawai, kowa ya gane. Weinberg dai abokansa Metek suke ce masa, sunan gida irin na Folan.

Goge_da_Kalangu:
Jiya da dare na saka abin ji a kunne na saurari simfoninsa na 21 daga farko har ƙarshe, kusan awa guda. Shi ne wanda ya gama a 1991 ya sadaukar wa waɗanda aka kashe a unguwar da aka killace Yahudawa a Warso. Ana cikin tafiya sai duk makaɗa su lafa, fiyano shi kaɗai ya ɗauko wani sanannen kiɗan Chopin, shahararren makaɗin fiyano na Folan, irin wanda duk ɗalibin fiyano a Warso ya haddace, ya yi 'yan taku kaɗan sai ya tsaya cak kamar an riƙe hannun. Can wajen ƙarshe muryar mace ta shigo, ba kalma ko ɗaya, kamar yarinya na rera wa kanta waƙa a tsakar gida. Gashin jikina sai da ya tashi.

Shi ya sa nake ganin amsar ba a bakinsa take ba. Da baki ya ce na gode. Amma simfoni na 13 na uwarsa ne, kiɗan goge huɗu na 16 na Ester ne, simfoni na 8 kuma a kan baitocin Julian Tuwim ya gina shi, mawaƙin Folan. Ya yi wasan opera a 1968 a kan sansanin kisa na 'yan Nazi da ke Auschwitz, daga littafin Zofia Posmysz wadda ita ma a can aka tsare ta. Shostakovich ya yaba, hukuma ta danne. Bai taɓa jin sa a dandali ba. Sai 2006 aka rera shi a Mosko, sai 2010 aka yi cikakken wasan a Bregenz ta Ostiriya, shekara 14 bayan mutuwarsa.

Sarkin_Gardama:
Ka gani? Sun danne masa aikin da ya fi so, yana ta godiya.

Ummu_Hanan:
Wai da gaske ne ya bar addininsa kafin ya mutu? Na gani a wani wuri.

Tsohon_Minsk:
An yi masa baftisma a cocin Otodoks ta Rasha a Janairu 1996, ya rasu ranar 26 ga Fabrairu. Ya daɗe a kwance da ciwon hanji, shekarunsa na ƙarshe ko ƙofar gida ba ya fita. Iyalinsa sun rabu biyu a kan batun. Natalia da Victoria sun koma Isra'ila tun 1972, bayan auren ya mutu ya auri Olga. Ɓangaren farko na ganin an yi wa marar lafiya abin da bai nema ba, na biyun na cewa shi ya nema da bakinsa.

Likita_Bokan_Turai:
Wannan a bar wa iyalinsa. Ni tambayata, ya taɓa komawa Warso kuwa?

Goge_da_Kalangu:
Sau ɗaya, Likita, a 1966, cikin tawagar Sobiyet zuwa bikin kiɗan zamani da ake yi a can duk kaka. Garin da ya sani an rushe shi an sake ginawa, unguwarsu babu, mutanensa babu. Makaɗan Folan na lokacin kuma sun yi nisa a wani sabon salo, suna kallonsa a matsayin baƙo daga Mosko mai kiɗan da ya tsufa. Ya koma, bai sake zuwa ba.

Likita_Bokan_Turai:
Hmm. Ni ma akwai akwatina a Kharkiv, da littattafaina da bargon da mahaifiyata ta saka mini. Mai gidan ta rubuto ta ce ginin na nan tsaye, tagogi ne kawai suka fashe. Kullum ina cewa zan je.

Bagobiri_Mai_Shayi:
Allah ya kawo lafiya ka je ka ɗauko, Likita. Silifas ɗin fa?

Likita_Bokan_Turai:
Suna nan. Mai su ya ce in riƙe.

Dan_Bakin_Kasuwa:
Malam Goge, turo mini wancan na hannu huɗun ta akwatin sirri. Ba wai na sauka daga maganata ba ne, so nake in ji gudun yatsun da kake ta zuzutawa.

Sarkin_Gardama:
Ni ma a turo. Amma har yanzu tsoro na ce.

Goge_da_Kalangu:
An ɗauke wuta, caji saura kashi 4. In na kunna janareta da magariba zan turo muku duka. Baba Tsohon Minsk, kai kuma muna bin ka bashin waƙar ɗan beyar nan, ka ɗauko mana da muryarka.